Ruwan Tiga Namu Ne: Kira ga Jama'ar Ƙasar Gumel

Jama'ar Gagarawa da Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar, iyayena da yayyena da ƙannena, maganar wani ƙaramin gari na kawo muku yau, garin da ba ya cikin masarautarmu, ba ya ma cikin jiharmu. Sunansa Tiga, a ƙaramar hukumar Bebeji, tafiyar kimanin kilomita 70 kudu da birnin Kano. Gari ne na manoma da masunta, sai dai a gefensa akwai bangon ƙasa da duwatsu mai tsawon kusan kilomita 6, wanda ya tare Kogin Kano ya mai da shi tafkin da babu kamarsa a duk faɗin Kano da Jigawa. Ina kiran ku mu ɗauki wannan gari da wannan ruwa a matsayin namu, mu ɗaga murya a kansu, domin abincinmu da kasuwarmu da hasken gidajenmu suna rataye da su fiye da yadda muke zato.

Na san tambayar da dattijo zai fara yi a majalisar ƙofar gida: me ya haɗa mutumin Gagarawa da dam? Mu mutanen tudu ne. Gero da dawa da wake da riɗi da zoɓo muke nomawa, kogi bai ratsa ta ƙofar kowa ba, rijiyarmu kuwa sai an ƙulla igiya da igiya kafin guga ya taɓa ruwa. Tambayar tana kan hanya, kuma ga amsarta.

Lokacin da Audu Bako yake gwamnan Jihar Kano, daga 1967 zuwa 1975, babu wata jiha mai suna Jigawa. Masarautu huɗu ne a jihar: Kano da Haɗejiya da Gumel da Kazaure. An fara aikin dam ɗin Tiga a 1971, aka gama a 1974, daidai shekarun da fari ya ƙone ƙasashen Sahel, shanu suka faɗi a daji, rumbuna suka zama wayam. Dattawanmu da suka ga wannan zamani ba sa buƙatar a tuna musu. Gwamnatin da ta gina dam ɗin gwamnatinsu ce. Suna cikin masu biyan haraji da jangali a wannan jiha, gyaɗar da aka loda a tashar jirgin ƙasa ta Gagarawa, kan layin dogon da ya tashi daga Kano ya nufi Nguru, tana cikin dalar gyaɗar da Kano ta yi suna da ita. Da aka yanke Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, an raba ma'aikata, an raba motoci da gine-gine, amma ba wanda ya iya raba kogi. Kafin nan ma, kula da dam ɗin ya riga ya koma hannun gwamnatin tarayya, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are da aka kafa a 1976. Ku dubi sunan hukumar da kyau. Sunan kogin jiharmu ne a gaba.

Ku bi ruwan da ido ku ga inda yake zuwa. Kogin Kano yana gangarowa daga tsaunukan kudu, ya ratsa dajin Falgore, ya taru a Tiga. Abin da aka saki daga nan, wani ya bi babban kanal ya shiga gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, wani ya bi tsohuwar hanyarsa ya haɗu da Kogin Challawa, wanda shi ma aka datse a Ƙaraye a 1992. Daga nan ya wuce ta Wudil, ya shigo jiharmu ta ƙasar Ringim, ya bi ta Miga da Auyo da Haɗejiya, ya bazu a fadamun Kiri Kasamma da Guri da Nguru, ragowarsa ta haɗu da Kogin Jama'are ta zama Komadugu Yobe, ta kama hanyar Tafkin Chadi. Masana ruwa sun ƙiyasta cewa waɗannan madatsu biyu, Tiga da Challawa, su ke riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke bi ta Kogin Haɗejiya. Wato duk wanda yake riƙe da makullin ƙofofin Tiga, shi yake yanke wa manomin Auyo hukuncin ko zai yi noman rani bana ko ba zai yi ba.

Yanzu ku shiga kasuwar Gujungu ranar Lahadi. Shinkafar da matanmu ke aunowa, da albasa da tattasai da tumatir, da busasshen kifin da ke shiga miyar kukarmu, yawancinsu ruwan nan ne ya raine su. Idan kaka ta wuce, ciyawa ta ƙare a tudu, ina Fulaninmu suke kora shanunsu? Fadamar Haɗejiya. Shanun da ake ciniki a kansu ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, wadda fatake ke zuwa daga Nijar da kudancin ƙasar nan, da yawa daga cikinsu a wannan fadama suka ci rani. Samarinmu da ke fita neman kuɗi bayan an gama girbi, wasunsu a gonakin shinkafar Kura suke dashe da yanka, su dawo da abin sayen taki da na aure. Ranar da ruwan Tiga ya ƙaranta ko ya yi ɓarna, farashin kwanon shinkafa a Gumel zai gaya mana, ko da ba mu taɓa ganin dam da idonmu ba.

Sai maganar wuta, wadda ita ce ta fi ci mini rai.

A nan Gagarawa akwai babbar tashar karɓar wutar lantarki daga layin ƙasa, wadda aka gina domin ta ciyar da garuruwan wannan yanki. Duk mai bin hanya yana ganin turakunta na ƙarfe da manyan taransifomominta a cikin shinge. Amma tashar nan ba ta haifar wuta, abin da aka turo mata take rabawa. Wutar da ke isowa ƙasarmu daga nesa take tasowa: daga Kainji da Jebba a kan Kogin Neja, daga Shiroro a kan Kogin Kaduna, da tashoshin iskar gas na kudu. Tana tafiyar ɗaruruwan kilomita a kan waya, ta ratsa dazuzzukan da 'yan bindiga suka addaba. Mun ga sakamakon haka a watan Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da ke biyowa ta Binuwai shi ma ya samu matsala, yawancin Arewa ta kwana cikin duhu fiye da mako guda. Masu walda suka rufe shago, masu injin niƙa suka ninka kuɗi, ƙanƙara ta gagari mai ƙaramin ƙarfi, famfunan gari suka ƙafe. A cikin waɗannan kwanaki ruwa yana nan kwance a Tiga da Challawa, a cikin gida.

Yadda ake samun wuta daga dam ba wani sihiri ba ne. Ruwan da aka tara a tudu ake saukowa da shi ta cikin ƙaton bututu, nauyinsa da gudunsa su juya farfelar inji, farfelar ta juya janareta, janareta ya ba da wuta. Ruwan ya fito ta ɗaya gefen yadda ya shiga, bai ragu ba, bai gurɓace ba, ya ci gaba da tafiyarsa zuwa gona. Babu man gas, babu hayaƙi, babu tankar da za ta maƙale a hanya. Amma fiye da shekara arba'in ruwan Tiga yana fita dare da rana bai juya farfela ko ɗaya ba. Sai a zangon mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu gwamnatin Kano ta fara aikin kafa injinan wuta a Tiga da Challawa, gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ci gaba da shi. Na Tiga megawat 10 ne, an tsara shi domin ya ciyar da matatar ruwan Tamburawa da fitilun titin birnin Kano.

Ba zan ruɗe ku ba, megawat 10 kaɗan ne. Kainji, da aka gama a 1968, an gina ta a kan megawat 760. Shiroro 600 ce, Zungeru 700, ta Daɗin Kowa a Gombe 40. Kuma kuɗin Kano aka zuba a injinan Tiga, ba wanda yake cewa a ƙwace a kawo mana. Abin lura shi ne, kamfani ɗaya ne ke rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa, daga kaso ɗaya da ake ba shi daga layin ƙasa. Duk megawat ɗin da Kano ta samar wa kanta a gida, nauyi ne aka sauke daga wannan kaso da muke wawaso a kansa. Saboda haka idan injin Tiga ya tsaya, da mu aka yi asara. Idan aka bar na Challawa ya ci gaba da jan ƙafa, mu ma mun cutu. Hujjar da ake ba mu a da, cewa wuta hurumin tarayya ce, ta faɗi: a watan Maris na 2023 aka gyara tsarin mulki, a watan Yuni na shekarar aka sa hannu kan sabuwar dokar wutar lantarki, jihohi suka samu ikon samar da wuta da rarraba ta. Babu abin da ya hana gwamnatin Malam Umar Namadi da ta Abba Kabir Yusuf su zauna a tabarma ɗaya su tsara yadda ruwan Kano da ranar Jigawa za su taimaki juna, rana ta ba da wuta daga hantsi zuwa la'asar, ruwa ya karɓa da dare.

Me za mu yi da wutar? Ku dubi riɗinmu. Manomi ya yanke shi tun kwanson bai fashe ba, ya ɗaure dami-dami, ya jingina su tsaye a gona har su bushe. Ranar kaɗewa ya shimfiɗa tamfol, ya kifa kowane dami yana bugawa da sanda, ƙwayar tana zuba fara tas. Matan gida su sheƙe, su rairaye, a ɗura a buhu, a ɗinke da basilla, a ɗora a amalanken shanu zuwa bakin titi. Daga nan aikinmu ya ƙare. Dillali ya auna, tirela ta kwashe zuwa Kano da Legas, a can ake tace shi da inji, a can ake ware mai kyau, jirgin ruwa ya kai shi Japan da Sin da Turkiyya, inda ake matse mai a zuba a kwalba. Wahalar tamu ce, ribar kuwa tana wurin mai inji. Haka zoɓo, haka ƙaro, haka fata da kirgi. An ware filin masana'antu a Gagarawa, an kafa yankin ciniki na kan iyaka a Maigatari, amma babu mai hankalin da zai kawo injinsa ya dasa a inda zai riƙa sayen man gas kullum. Da wuta tsayayya, yaron da ke tafiya Legas tura baro zai samu aiki a inda mahaifiyarsa take ganinsa kowace safiya.

Ina so kuma ku san Tiga ɗin kanta, domin mutum ba ya kishin abin da bai sani ba. Wanda ya hau kan bangon dam ɗin da sassafe zai ga ruwa har inda ido ya tsaya, shimfiɗar da ta kai kimanin murabba'in kilomita 178 idan tafkin ya cika, da duwatsu da suka ɗago kai a tsakiyarsa. Masunta suna turo kwale-kwalensu gaɓa da abin da raga ta kama cikin dare, karfasa da tarwaɗa suna motsi a ƙasan jirgi, 'yan sari suna tsaye da kwanduna, can gefe mai suya ya ɗora kasko, ƙamshin man gyaɗa da yaji ya cika wurin. A ɗaya gefen bangon kuwa ruwa ne ke fita da ƙugi, fari fat, mutum biyu ba sa jin maganar juna sai sun ɗaga murya. Yaron da ya tashi a Sule Tankarkar, wanda bai taɓa ganin ruwan da ya wuce kududdufin bayan gari ba, idan ya tsaya a nan sai ya yi tasbihi.

A kan wani dutse da ke kallon tafkin akwai otal ɗin Rock Castle, wanda aka gina domin baƙi masu zuwa shaƙatawa, aka bar shi shekaru yana lalacewa. Otal ɗin tafkin Bagauda da ke kusa shi ya tsira, domin an mai da shi reshen makarantar horar da lauyoyi ta ƙasa. Ga duwatsun Rurum a ƙasar Rano. Ga dajin Falgore a kudu, a kan hanyar Jos, wanda aka keɓe domin namun daji. Gaba da shi ga tsaunukan Riruwai, inda aka daɗe ana haƙar kuza. A ƙarshen wannan kogi kuma, a cikin jiharmu, ga dausayin Baturiya a Kiri Kasamma, inda tsuntsaye ke tasowa daga Turai su ci hunturu, wurin da aka sa cikin jerin dausayoyin da duniya ta amince a kiyaye a 2008. Allah ya jera mana waɗannan ni'imomi a kan igiyar ruwa ɗaya, daga Falgore har Baturiya, mu kuwa masu hali a cikinmu sai su kwashi iyali su tafi Dubai.

Amma ni'ima tana da haƙƙi, kuma haƙƙin farko na mutanen da ke zaune a bakin dam ne. An tashi mutane daga gidajensu da gonakinsu kafin a tara ruwan Tiga, kamar yadda aka tashi mutane fiye da dubu 40 a Kainji, tsohon garin Bussa ya nutse aka gina musu sabo. Al'ummomin da ke kewaye da Kainji da Jebba da Shiroro sun shekara da shekaru suna kukan cewa wuta na wucewa ta saman kansu su suna cikin duhu, ambaliya kuma tana cin gonakinsu. Kukan nan, da suka yi da baki ɗaya ba su gaji ba, shi ya haifar da hukumar raya yankunan da ke samar da wutar ruwa, mai hedikwata a Minna. Jihohi shida aka fara kafa ta dominsu, babu Kano babu Jigawa. Yanzu da Tiga ta shiga sahun masu samar da wuta, ya kamata a buɗe wannan magana. Bai halatta mutumin Tiga ya riƙa jin ƙarar inji a bayan gidansa alhali ɗansa yana karatu da fitilar waya ba. Idan muka tsaya musu a kan wannan, gobe za su tsaya mana.

Akwai kuma abin tsoro, dole a faɗe shi. Dam ɗin Tiga ya haura shekara hamsin. An gina shi ya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2, kuma bangonsa na ƙasa ne. A watan Agustan 1988 dam ɗin Bagauda, maƙwabcinsa, ya ɓalle ya yi ɓarna mai yawa. A 1992 aka rage tsayin makwararar Tiga domin a sauƙaƙa wa bangon nauyin da yake ɗauka. Ranar 10 ga Satumba, 2024, dam ɗin Alau ya fashe, ruwa ya shanye rabin Maiduguri cikin dare, mutane suka farka a kan rufin gidajensu. Alau ƙaramin dam ne idan aka gwada shi da Tiga. Allah ya kiyaye, amma idan wani abu ya samu bangon Tiga, ruwan ba Bebeji zai tsaya ba, ta kan Wudil da Ringim da Haɗejiya zai bi. Kuma idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mun ga abin da ambaliyar 2022 ta yi wa 'yan'uwanmu a Ringim da Miga da Auyo da Kafin Hausa da Haɗejiya, rayuka suka salwanta, gonaki suka tafi, makarantu suka zama sansanin masu gudun hijira.

Bayan wannan ga wata cuta mai cin jiki a hankali. Ana sare itatuwa a Falgore da kewayen tafkin ana ƙona gawayi, ruwan sama yana wanke ƙasar da ta tsiraita yana zubawa a cikin dam, kowace damina cikinsa yana ƙara cikewa da yashi. Duk buhun gawayin da ya fito daga can, wani yanki ne na ruwan rani aka rage.

A ƙasan kogi kuwa, ku tambayi mutumin Guri ko Marma game da kacala. Kafin a datse kogin, ruwa yakan zo da ƙarfi da damina ya malale fadama, da rani ya janye ƙasa ta bushe, a shuka a girbe. Da aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, sai wannan ciyawa ta samu abin da take so. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta karkatar da kogi ya bar inda ake nemansa ya tafi inda yake ɓarna, ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki da ke wawashe shinkafa da gero. Dalilin da ya sa nake cewa dole mu kasance a wurin da ake yanke shawara ke nan. Injin wuta yana son ruwa ya riƙa fita kullum ba yankewa. Manomin Kura yana son a cika masa kanal. Birnin Kano yana son na sha. Masunci da makiyayi da manomin fadama a Jigawa da Yobe suna son ambaliya mai albarka a kan lokacinta, da bushewa a kan lokacinta. Duk waɗannan buƙatu halal ne, amma idan ba a zauna an daidaita su ba, mai kusa da makulli shi zai sha, na ƙarshen layi ya samu laka. A 2006 jihohi shida da ke cin moriyar wannan ruwa, Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno da Filato, sun haɗu a Damaturu sun amince da tsarin kula da shi tare, har aka kafa asusu. Tsarin yana nan a takarda, jama'a ne ba su bi sawunsa ba.

Habasha ta nuna wa Afirka abin da jama'a ke iya yi idan suka ɗauki ruwa a matsayin nasu. A 2011 suka fara gina babban dam a kan Kogin Nilu, ma'aikata suka ba da wani ɓangare na albashinsu, 'yan kasuwa da manoma da mazauna ƙetare suka sayi takardun lamuni, aka buɗe shi a watan Satumban 2025 da ƙarfin da ya haura megawat dubu 5. Masar da Sudan, da suke ƙasan kogin, ba su yi shiru ko na rana ɗaya ba a kan rabonsu. Mu ba dam za mu gina ba, iyayenmu sun gina mana. Abin da ya rage mana shi ne kula da magana.

Saboda haka ina miƙa kokon bara ga Mai Martaba Sarkin Gumel, Alhaji Ahmad Muhammad Sani, Allah ya ja zamaninsa, ya ƙara masa lafiya. Ranka ya daɗe, maganar da sarakuna suka ɗauka ba ta faɗuwa ƙasa. Idan Gumel da Haɗejiya da Ringim da Kazaure da Dutse suka haɗa baki da sarakunan Kano a kan lafiyar Tiga da Challawa, Abuja za ta saurara. Hakimai da dagatai da masu unguwanni, ku sa maganar a zamanku da talakawa. Malamanmu limamai, kiyaye ruwa da itace da dukiyar jama'a yana cikin abin da addini ya hore mu da shi, ku ba shi rabonsa a huɗubar Juma'a.

Wakilanmu, wanda muka tura Majalisar Wakilai da sunan Gumel da Gagarawa da Maigatari da Sule Tankarkar, da sanatanmu, da waɗanda ke majalisar jiha a Dutse, ga abin da muke so ku ɗauka. A riƙa duba lafiyar bangon Tiga da na Challawa kowace shekara kafin damina, a karanta sakamakon a rediyo da Hausa, yadda tsohuwa a ƙauye za ta ji ta gane. A sanar da jama'a kwanaki kafin a saki ruwa. A ba manoma da masunta da makiyayan Jigawa kujera a inda ake tsara rabon ruwa. A kammala injinan Challawa, a tabbatar na Tiga yana aiki. A fitar da layi na musamman daga tashar Gagarawa zuwa filin masana'antu da kasuwar Maigatari. Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a, kafin ya sauke buhun shinkafa, mu tambaye shi abin da ya sani game da ruwan da ya noma shinkafar.

Ku kuma 'yan kasuwar riɗi da zoɓo, kun fi kowa sanin asarar da rashin wuta ke jawowa. Ku haɗa ƙungiya, ku rubuta buƙatarku da adadin injinan da za ku dasa idan an ba ku wuta, ku kai wa gwamnati a hannu. Gwamnati ta fi jin maganar da ta zo da lissafi. Iyayena mata, ku ne kuke biyan kuɗin niƙa, ku ne kuke kwana da yaro mai zazzaɓi a asibitin da babu haske, muryarku a ƙungiyoyin adashe da makarantun Islamiyya tana da nauyi, kada ku raina ta.

Mu kuma gyara namu gidan. Wayar wuta da man taransifoma da ake sacewa cikin dare, ba aljanu ke sacewa ba, kuma wani ne yake saye. Unguwar da ta san ɓarawon waya ta rufa masa asiri ba ta da bakin kukan duhu. Mu tsare abin da aka kafa mana, mu nemi a sa mana mita, mu biya abin da muka sha. Mu rage dogaro da gawayi gwargwadon hali, duk wanda ya sare itace ya dasa biyu, domin hamadar da ke turo mu daga arewa da yashin da ke cike Tiga daga kudu gatari ɗaya ne ya haife su.

Ƙannena ɗalibai, musamman na Kwalejin Ilimi ta Gumel da makarantun sakandarenmu, wannan yaƙi naku ne fiye da kowa. Ku karanci aikin injiniyan ruwa da na lantarki, domin injinan nan suna buƙatar hannun da zai kula da su shekara hamsin masu zuwa. Wayar da ke hannunku, wadda kuke yini a Facebook da ita, ku yi amfani da ita wajen tambayar hukuma da ladabi da naci. Shugabannin makarantu, ku haɗa kuɗin mota ko da na bas ɗaya ne a shekara, ku kai yara Tiga su ga dam, su ga kanal, su ga inji, wata shekarar ku kai su Baturiya lokacin da tsuntsaye suka sauka. Masu hali, idan hutun Sallah ya zo, ku gwada kai iyalinku can, ku sayi kifin masuntan Tiga, ku ci abincin matan garin. Ƙafar baƙi ita ke sa gwamnati ta gyara hanya ta tayar da otal.

Jama'ar ƙasar Gumel, kada mu jira sai ruwa ya ɓalle ko duhu ya sake rufe mu sannan mu fara taro. Kafin damina mai zuwa ta faɗi, kowace ƙaramar hukuma cikin huɗun nan ta kira zaman jama'a a kan ruwa da wuta, a rubuta matsaya ɗaya, a sa hannu, a kai fadar Gumel, daga can a wuce da ita Dutse da Kano da Abuja. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa wanda bai iya ba, wanda ya ji ya kai majalisarsu yau da daddare. Ku tashi, 'yan'uwa, Allah ya dafa mana.